Kurakuran da ake ta maimaitawa kan katalis na ɓawon ƙwai

Duk shekara sai sabbin ɗalibai sun shigo lab da furojet iri guda, bayodizil, wato dizil na man tsirrai, daga man dogon yaro ko tsohon man suya, katalis kuma, wato abin da ka sa haɗin sinadaran ya yi sauri, ɓawon ƙwai da sunka roƙo wurin masu shayi, kuma wallahi kurakurai iri guda suke yi har na gaji da faɗa baki da baki.

Na farko shi ne wanda ya ci min wata huɗu cur. Ɓawon ƙwai kusan duka kalsiyam kabonet ne, in ka ƙona shi a fanes, wato murhun lab mai tsananin zafi, kamar digiri 900 sai kabon dayoksaid ya fita, abin da ya rage shi ne kalsiyam oksaid, shi ka aikin. To garin nan ba ya jimirin iska ko kaɗan, da ka fito da shi ya fara shan danshi da kabon ɗin da ka sha wahalar kora. Ni cikin Agusta na ƙona nawa, damina ta zauna, na bar shi buɗe bisa benci ya kwana, da safe na ƙulle cikin leda. Na yi ta gwaji sakamako na faɗuwa, na zargi mai, na zargi mitanol, wato sinadarin da ake haɗawa da man, na sayo sabo da kuɗin aljihuna, ashe abin da nake zubawa ya riga ya mutu. Farinsa na nan yadda yake, ido bai gane komi. Yanzu ni daga fanes sai desiketa, wato mazubin da ka hana danshi shiga, daga nan sai kwalba mai murfin roba, kuma in ya wuce sati ban amfani da shi sai na sake ƙonawa. Wasu na cewa na cika tsanani, su ce. Kuma kar hunturun Sakkwato ya ruɗe ka don iska ta bushe, kabon na nan cikinta.

Na biyu, man dogon yaro. Yana da tsami mai yawa, in ka haɗa shi kai tsaye da katalis mai kaifin toka sabulu za ka samu, kauri kirtif, gilisarin, wato ruwan da ya kamata ya kwanta ƙasa ya bar bayodizil sama, ya ƙi rabuwa. Auna tsamin tukuna, in ya wuce kashi 1 cikin 100 ka fara sauke shi da mitanol da ɗan salfurik asid. Aikin rabin yini ne amma ƙiuya ta hana ku! Wani yaro ya zo min da kwalba kamar kunun gyaɗa yana cewa malam ko katalis ɗin ne bai da kyau, na ce ka auna man? Shiru.

Mitanol na tafasa wajen digiri 65, in ba ka sa kondensa ba, wato bututun da ka sanyaya tururi ya maido shi ruwa, balle a zafin Afrilu, rabinsa ya tafi sama. Kuma ku bar shinshinarsa, yana makantarwa. Tsohon man suya a tace a dafa ruwan ya fita. A rubuta kwanan wata jikin kowace kwalba.

Sai wanga da ke ɓata min rai, kowa ya rubuta wai aikinsa bai cutar da muhalli don kawai ɓawon ƙwai ne. Tun 1998 Paul Anastas da John Warner sunka fitar da ƙa'idoji 12 na aikin sinadarai da bai cutar da muhalli, rage sharar aiki da tattalin makamashi na ciki. Kai ka kwana kana ƙona dizil a janareta don giram 50 na katalis, ka wanke da ruwa jarka biyu ka zubar a kwata, ba ka lissafa ko ɗaya ba. Sannan gwaji sau guda ka ce ana iya sake amfani da katalis ɗin. Ni ban yarda sai na ga zagaye biyar, kuma sai ka tace shi da zafinsa a tsakiyar aiki ka bar ruwan ya ci gaba, in har bayodizil ya ci gaba da ƙaruwa to kalsiyam ɗinka narkewa yake cikin mitanol, sai ka rubuta haka nan cikin rahotonka.