Darasi na Tara: Jawo Nesa Kusa, Dogon Gilashi ko Talikombata?

Ranar Hawan Daushe ce a Kano. Ka kama wuri a Ƙofar Kudu tun kafin la'asar, kyamara rataye a wuya. Dogarai sun tare jama'a, babu halin matsawa gaba. Da mahaya suka taso a sukwane za su yi jahi, ka yi ta dannawa. Ka koma gida ka duba, sai ga dawaki ƙanana kamar tururuwa a tsakiyar hoto. Rabin hoton sararin sama ne, sauran kuma ƙeyar mutane da hulunansu.

Kyamarar ba ta da laifi. Gilashin da ke gabanta ne gajere. Yawancin ƙananan kyamarorin Canon da Nikon suna zuwa ne da gilashi mai lamba 18-55mm, wanda ya isa hoton biki a tsakar gida ko hoton ango da abokansa, amma ba ya kai wa nesa. Mai son jawo nesa yana da hanya biyu a kasuwa: ya sayi dogon gilashi, ko ya sayi wata 'yar na'ura da ake kira talikombata, wadda za mu riƙa ce wa kombata a taƙaice. Kafin ka fitar da ko kwabo, sai ka iya karanta lambobin da ke jikin gilashi.

Lambobi biyu da za ka sani

Ɗauko gilashinka ka duba bakinsa. Lamba ta farko ita ce mai "mm" a ƙarshe, wato milimita. Ita ke nuna ƙarfin jawowa. Lissafinta mai sauƙi ne: in lamba ta ninka, girman abin da kake ɗauka ya ninka. Dokin da ka ɗauka da 100mm zai ninka girma da 200mm, kai kuwa kana nan inda kake tsaye. Daga 55mm zuwa 300mm, dokin ya ƙaru fiye da sau biyar.

Lamba ta biyu ita ce mai harafin "f", kamar f/2.8 ko f/5.6. A jikin gilashi akan rubuta ta haka: 1:2.8 ko 1:4-5.6. Ita ce faɗin ƙofar da haske ke bi ya shiga kyamara. A nan mutane ke rikicewa, domin lissafin a juye yake. Ƙaramar lamba, babbar ƙofa. Babbar lamba, ƙaramar ƙofa. Haddace wannan jerin kamar yadda ka haddace ranakun mako: 2.8, 4, 5.6, 8, 11, 16. Duk taki ɗaya da ka yi zuwa gaba, rabin haske ya tafi. Daga 4 zuwa 5.6 saura rabi. Daga 4 zuwa 8 saura kashi ɗaya cikin huɗu.

Akwai wata lamba kusa da ɗan da'ira mai layi a tsakiya, kamar 52 ko 58 ko 77. Wannan faɗin bakin gilashi ne, don sayen murfi. Ba ruwanta da jawo nesa.

Abu ɗaya kuma da zai faranta maka rai. Kyamarori irin su Canon 600D da Nikon D3200 farantin da ke kama hoto a cikinsu ƙarami ne, bai kai na manya irin su Canon 5D ba. Saboda haka tsakiyar abin da gilashi ya gani kawai suke ɗauka, sai abu ya cika hoto sosai. A Canon ana ninka lambar da 1.6, a Nikon da 1.5. Gilashin 300mm a kan 600D yana ba da abin da 480mm zai ba mai 5D. A kan D3200 kuwa 450mm ke nan. Wannan ƙari ne da ba ka biya kuɗinsa ba.

Abin da kombata ke bayarwa, da abin da take karɓa

Kombata ba gilashi ba ce mai zaman kanta. Zobe ce mai kauri, da 'yan gilasai a ciki, ana ɗaura ta tsakanin kyamara da gilashi. Tana shiga aljihun riga. Iri biyu aka fi samu: mai 1.4 da mai 2. Nikon ta yi mai 1.7 ma. A jikin ta Canon za ka ga an rubuta Extender, ta Nikon kuma TC-14E ko TC-20E. Kamfanin Kenko shi ma yana yin tasa.

Aikinta shi ne ninka lambar milimita. Gilashin 200mm da kombata mai 2 ya zama 400mm. Gilashin 300mm da mai 1.4 ya zama 420mm. Da jin haka sai mutum ya ce ai ga banza ta faɗi, me zai kai shi sayen ƙaton gilashi mai tsada?

Tsaya tukuna. Kombata ba lamba ɗaya take ninkawa ba, duka biyun take ninkawa. Lambar "f" ma tana hawa. Mai 1.4 tana cin taki ɗaya, rabin haske ke nan. Mai 2 tana cin taki biyu, ta bar maka kashi ɗaya cikin huɗu. Dalili kuwa shi ne ba ta ƙaro haske daga ko'ina. Tsakiyar hoton take ɗauka ta shimfiɗa shi ya cika farantin duka, kamar a ɗauki miyar mutum ɗaya a zuba wa tuwon mutum huɗu.

Mu gwada da gilasai biyu. Na farko 70-200mm f/2.8, irin wanda manyan masu ɗaukar hoton biki ke riƙewa. In ka sa masa mai 2 ya zama 400mm f/5.6. Wannan lafiya lau, aiki zai yi. Na biyu 70-300mm, wanda ƙofarsa f/5.6 ce idan an zuƙo shi ƙarshe. In ka sa masa mai 2 ya zama 600mm, amma f/11. Nan gizo ke saƙa.

Matsala ta farko, fokas, wato saita gilashi don abin da ake ɗauka ya fito garau. Yawancin kyamarori masu madubi a ciki, irin su 600D da D3200, suna buƙatar ƙofar da ba ta gaza f/5.6 ba kafin su iya saita fokas da kansu. Wasu daga cikin masu tsada suna jurewa har f/8. A f/11 sai ka ji gilashi yana kai da komo, zuuu, zuuu, bai kama komai ba, doki kuwa ya wuce. Sababbin kyamarori marasa madubi sun fi haƙuri a nan, amma su ma saurinsu yana raguwa.

Matsala ta biyu, saurin ƙiftawar kyamara. Dokin da ke sukuwa yana son ƙiftawa ta 1/1000, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, in ana son ƙafafunsa su fito tsaf. A ce a f/5.6 hasken ya ba ka 1/1000 ɗin. Da ka koma f/11 sai ka sauko 1/250, doki ya fito a goge kamar an shafa shi da hannu. In ka ƙi sauka, dole ka ɗaga lambar ISO, wadda ke ƙara wa hoto haske, daga 400 zuwa 1600, sai hoto ya yi yashi-yashi, musamman a tsofaffin kyamarori. Ka tuna kuma Hawan Daushe na yamma ne. Lokacin da za a zo jahi rana ta yi sanyi, ƙura ta tashi, hasken da kake taƙama da shi ya ragu tun kafin kombata ta ci rabonta. Hawan Nasarawa da ake yi da hantsi ya fi sauƙi ta wannan fuska.

Matsala ta uku, kombata ba ta zaɓe. Yadda take faɗaɗa doki haka take faɗaɗa aibin gilashi. Gilashi mai kaifi zai ɗan rage kaifi kaɗan. Wanda dama dishi-dishi yake gani, sai abin ya ninka.

Bayan haka ma, ba kowane gilashi take shiga ba. Kombatar Canon da ta Nikon suna da gilashi da ya turo gaba, wanda ke shiga cikin gindin dogon gilashi. An yi su ne don wasu manyan gilasai kawai. Ba sa hawa 18-55mm, ta Canon ba ta hawa 55-250mm. In ta ƙi shiga kada ka matsa, gilashi zai goge gilashi.

Ni kaina na taɓa yin wannan asara. Ina sabon shiga na sayi wata mai 2 a hannun wani mai shago, na ɗaura wa gilashina mai araha, ban gwada ba sai ranar hawa. Hoton kirki ko ɗaya ban samu ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

To me za ka saya?

In 18-55mm kaɗai gare ka, manta da kombata. Nemi dogon gilashi mai sauƙin kuɗi. Mai ƙaramar Canon ya nemi EF-S 55-250mm, wanda nauyinsa bai kai rabin kilo ba, kuma yana da abin hana rawar hannu. Akwai wani EF 75-300mm III da ya cika kasuwa, lambarsa ta fi girma, amma ba shi da abin hana rawa, ni dai ba na ba ɗalibaina shawarar sayensa in akwai wancan. Mai Nikon ya nemi 55-200mm ko 55-300mm ko 70-300mm. In kyamararka D3100 ce ko D3200 ko D5100, ka tabbata an rubuta AF-S a jikin gilashin, domin waɗannan kyamarori ba su da injin juya fokas a jikinsu, a gilashi yake.

Abin hana rawar nan kowane kamfani da sunan da ya ba shi. Canon IS, Nikon VR, Sigma OS, Tamron VC. Rawar hannunka yake ragewa, ba ya tsayar da doki. Ƙa'idar da masu sana'a ke bi idan babu shi ita ce kada lambar ƙiftawa ta gaza lambar gilashi: da 300mm kada ka sauko ƙasa da 1/300, a ƙaramar kyamara ma gara 1/500.

In kana da 70-200mm f/2.8 ko 300mm f/4, kai ne aka yi kombata dominka. Fara da mai 1.4, ita ce ba ta cika ɓata hoto ba.

In kuwa aikinka tsuntsaye ne a fadamun Haɗejiya da Nguru, ko giwaye a Yankari, ko raƙuman dawa a Kure ta Jamhuriyar Nijar, to 300mm zai riƙa gaza maka, musamman ga tsuntsu. Nan sai irin 150-600mm na Sigma ko Tamron, ko 200-500mm na Nikon. Amma ka sani nauyinsu kilo biyu ne ko kusa da haka. Minti goma da ɗaga shi hannu ya fara kakkarwa, sai da sandar dogarawa ko mai ƙafa uku.

Akwai wani abu da ake tallarsa da araha, wanda ake murɗawa a bakin gilashi ta gaba, a rubuce 2.2x. Wannan ba kombata ba ce. Gefen hoto yakan yi duhu da dishi-dishi. Araha ba ta ado.

Hanyoyi biyu da ba sa cin kuɗi

Ta farko ƙafarka. In kana nisan mita 40 ka koma mita 20, doki ya ninka girma, daidai da aikin kombata mai 2, kuma haske ko ɗigo bai ragu ba. Zuwa da kai ya fi aike. Sammako ka kama wuri mai kyau, ko ka nemi izini ka hau soro. Kada dai ka shiga hanyar dawakai. Ga namun daji kuwa, inda jagora ya ce tsaya nan za ka tsaya.

Kusantar tana da wani amfani. Duk tsawon gilashinka, ba zai share abin da ke tsakaninka da abin ɗauka ba. Hazon hunturu, ƙurar kofato, da iskar bazara da ke rawa a kan ƙasa da tsakar rana, duka dogon gilashi zai kwaso su ya tara maka a hoto.

Ta biyu yanke hoto a waya ko kwamfuta. Kyamara mai megafiksel 24, in ka yanke hotonta daidai da aikin mai 1.4, saura 12. In ka yanke daidai da mai 2, saura 6. Shida ɗin nan ta isa a wanke hoto mai inci 5 da 7 ya fito garau, balle wanda za a tura ta WhatsApp.

A wurin ciniki

Yawancinmu na hannu muke saye, don haka je da kyamararka. Ɗaura gilashin ka ji ya shiga ba tare da tilas ba, domin gindin Canon dabam, na Nikon dabam, na Sony dabam. Cire murafu biyu, haska tocilan ta ciki. 'Yar ƙura kaɗan ba komai. Amma in ka ga wani abu kamar yanar gizo-gizo ko hazo a manne, fumfuna ce, damshi ne ya jawo ta, mayar masa da kayansa. Fita ƙofar shago, zuƙo gilashin ƙarshe, ɗauki allon wani shago da ke nesa, ka faɗaɗa hoton ka ga ko rubutun yana karantuwa. Ɗauki ɗan acaɓa yana wucewa ka ga ko fokas yana bin sa. In kombata ce, yi wannan gwaji sau biyu, da ita da kuma babu ita, sannan ka yanke na biyun ka kwatanta. In ba ta fi yankakken ba, riƙe kuɗinka.

Aikin gida

Kwafi duk lambobin da ke jikin gilashinka a littafi, ka rubuta ma'anar kowace a gabanta. Sannan ka yi wannan lissafi: gilashin 300mm f/4 aka sa wa kombata mai 2. Nawa milimitarsa ta zama, nawa kuma lambar "f"? Kyamarar da ke tsayawa a f/5.6 za ta iya saita fokas da shi?

Ranar kasuwa ko wurin ƙwallon unguwa, zaɓi mutum ɗaya ka ɗauke shi daga taku 40, ka sake ɗaukarsa daga taku 20 ba tare da ka taɓa gilashi ba. Zo da hotunan biyu aji mako mai zuwa.