Kurakuran da ke sa mai ba da gudummawa ya bayar sau ɗaya ya tafi

Yawancin ƙungiyoyin agaji suna ƙarar da ƙarfinsu wajen farautar sababbin masu ba da gudummawa, alhali waɗanda suka riga suka bayar suna sulalewa ba wanda ya lura. Alƙaluman da shirin Fundraising Effectiveness Project ke fitarwa a Amurka shekara da shekaru abu ɗaya suke nunawa: cikin mutum goma da suka ba ƙungiya kuɗi bara, waɗanda ke sake ba ta bana ba su kai biyar ba. Masu bayarwa karon farko kuwa, kusan ɗaya cikin biyar ne kawai ke dawowa. Amma da zarar mutum ya bayar sau biyu, an fi sa ran zai ɗore. Ke nan aikin duka yana tsakanin kyautar farko da ta biyu, kuma a nan ne aka fi tafka kurakurai.

Babbansu shi ne shiru. Mutum ya tura kuɗi, kwamfuta ta aiko masa da saƙon "an karɓa" da wata doguwar lamba, shi ke nan. Wannan rasit ne, ba godiya ba ce. Yaba kyauta tukwici. Cikin kwana biyu ko uku a aika masa saƙo mai ɗauke da sunansa, a rubuta shi daidai, a faɗi abin da ya bayar da aikin da za a yi da shi, mutum mai suna da muƙami ya sa hannu. In da hali, ɗaya daga cikin shugabannin ƙungiyar ya ɗauki waya: "Hajiya, ba wani abu muka kira nema ba, mun ga saƙonki ne muka ce sai mun yi godiya da baki." Minti biyu ya isa. Kada kuma a lanƙwasa wasiƙar godiya a cusa sabon roƙo a ƙasanta, don mai karatu zai gane cewa godiyar share fage ce.

Penelope Burk, wadda ta daɗe tana binciken halayen masu ba da gudummawa a Amurka da Kanada, ta gano abu uku suke jira kafin a sake roƙonsu: godiya a kan lokaci, tabbacin cewa kuɗin ya tafi inda aka ce, da labarin abin da ya haifar. Ba su da tsada ko ɗaya. Duk da haka ƙungiyoyi da yawa ba a jin ɗuriyarsu sai asusu ya bushe. Wanda ba ya ganin lambarku sai in kuna cikin matsi, wata rana zai daina ɗauka. Gyaran shi ne a tsara yadda tsakanin roƙo da roƙo za a tuntuɓe shi sau biyu ko uku ba tare da an ambaci kuɗi ba.

Sai rahoto. Shafi arba'in, hotunan taro, jerin bitocin da aka gudanar, jawabin shugaba. Wanda ya ba da kuɗin rijiya so yake ya ji ko ruwa ya fito, mutum nawa ke ɗiba, wa zai gyara famfon in ya lalace. Sakin layi uku da hoto ɗaya na gaskiya sun fi masa. In kuma aikin ya ci tura, an haƙa ba a tarar da ruwa ba, ku faɗa masa da bakinku kafin ya ji a wani wuri, tare da matakin da kuka ɗauka. A ganina masu tara kuɗi sun cika tsoron wannan fiye da kima. Mutane suna yafe aikin da bai yi nasara ba. Ɓoye musu ne ba sa yafewa.

Kuskuren da ya fi kowanne haɗari shi ne karkatar da kuɗin da aka bayar da sharaɗi. An ba ku don magani, kuka ga albashi ya fi gaggawa, kuka taɓa da niyyar mayarwa. Ko niyyar tana da kyau, amana ce aka ci, kuma a ƙasashe da dama doka ma ta hana. Bayan harin 11 ga Satumba 2001, ƙungiyar Red Cross ta Amurka ta tara ɗaruruwan miliyoyin daloli, sannan aka ji tana shirin ajiye wani kaso don buƙatun gaba. Jama'a suka fusata, maganar ta kai gaban majalisa, ƙarshe dai ƙungiyar ta janye ta yi alkawarin kuɗin duka zai tafi ga waɗanda abin ya shafa. Ƙungiyar likitoci ta MSF kuwa, 'yan kwanaki bayan igiyar tsunami da ta afka wa ƙasashen gaɓar tekun Indiya a Disamba 2004, fitowa ta yi ta ce abin da ta samu ya ishe ta aikin da za ta iya yi a can. Ta nemi izinin masu bayarwa ta kai rarar wasu wuraren da ake cikin bala'i, wanda bai yarda ba a mayar masa da kuɗinsa. Mafi yawansu suka amince. Izinin nan shi ne bambancin, kuma neman sa bai wuce saƙo ɗaya ba.

Akwai kuma alkawarin "ko sisi ba ma taɓawa, duka yana zuwa ga mabukata". Haya fa? Mai binciken kuɗi, man mota, albashin wanda ya rubuta rahoton? A 2013 manyan cibiyoyi uku masu tantance ƙungiyoyin agaji a Amurka, GuideStar da Charity Navigator da BBB Wise Giving Alliance, sun fitar da buɗaɗɗiyar wasiƙa suna cewa ƙarancin kuɗin gudanarwa kaɗai ba ya nuna ingancin ƙungiya. Ku faɗi kason yadda yake, ku bayyana amfaninsa.

Bayanan mutane ma amana ne. A Birtaniya, ƙorafi kan yadda ake damun tsofaffi da wasiƙu da kiran waya ya yi ƙamari a 2015, har aka kafa hukumar sa ido kan tara kuɗin agaji a 2016, kuma a ƙarshen shekarar hukumar kare bayanai ta ci tarar wasu manyan ƙungiyoyi saboda musayar bayanan masu ba su gudummawa da binciken dukiyarsu ba da saninsu ba. Tun ranar farko a tambayi mutum ta wace hanya yake so a tuntuɓe shi, sau nawa, ko yana so a ambaci sunansa a bainar jama'a. Wasu ba sa so ko kusa. Wanda ya ce a daina, a daina.

Duk wannan yana rushewa idan hulɗar tana cikin wayar ma'aikaci ɗaya. Ranar da ya ajiye aiki, ya tafi da ita, sabon da ya zo ya kira wanda ya shekara bakwai yana bayarwa yana gabatar masa da ƙungiyar kamar baƙo. Ba sai an sayi manhaja mai tsada ba, jadawali a kwamfuta ya wadatar: suna, ranar kyautar farko, abin da ya fi damunsa, alkawarin da aka yi masa, ranar da aka yi magana da shi ta ƙarshe da wanda ya yi. Kowane babban mai bayarwa ya san aƙalla mutum biyu a ƙungiyar. Duk wata kuma a zauna a fitar da sunayen waɗanda suka bayar bara warhaka amma bana shiru, a raba su, kowa ya kira nasa kafin mako ya ƙare.