Yadda Ake Gano Wa Ke Cin Wa A Gabar Bahar Maliya

Ɗalibin da ke zaune a Port Sudan, birnin ƙasar Sudan da ke gabar Bahar Maliya, wanda yake son ya fahimci yadda halittun bakin teku ke cin juna, ba ya bukatar jirgin ruwa. Ya zaɓi wuri mai taɓo kusa da itatuwan shura, waɗanda saiwoyinsu ke cikin ruwan gishiri, ya je da sassafe, musamman a watannin zafi da ruwan tekun ke ɗan ja da baya.

Ya shata fili mita 1 a kowane gefe da igiya, ya ƙirga ramukan ƙaguwa, sannan ya tattara kwanson katantanwa da babu kowa a ciki. A nan aikin yake, domin kwanso yana ba da labarin abin da ya kashe mai shi. Ƙaramar huda zagayayya, sumul kamar aikin maƙeri, shaida ce cewa wata katantanwa mai cin nama ta rarake shi ta cinye na ciki, bakin kwanson da aka farfasa kuwa galibi aikin ƙaguwa ne.

Ya rubuta kwanan wata, ya maimaita ƙirgar a wurare da dama. Masu rai kuma a bar su inda suke, balle a Dungonab, wata gabar teku a arewa da Port Sudan, wadda hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya cikin wuraren gadon duniya a 2016.