Haɗa wayar ƙasa da negatif: inda ake yi da inda ba a yi

A wani masallaci nan Aboabo a Gana aka kira ni, wai lasifika na ta gurnani ko ba kowa kan makirfo, kuma ladan in leɓensa ya taɓa kan makirfon sai ya ji tsam kamar cizon kiyashi. Na buɗe amfilifayar na tarar mai gyaran baya ya ɗaura negatif a jikin akwatin har wuri uku, sannan ya cire babban ƙarfen fulogi dan ya shiga soket mai huji biyu. Wallahi abin ya dame ni, ran mutum ake magana.

Abu biyu ne muke kira da suna ɗaya, wato ƙasa (ground). Wayar ƙasa ita ce kore da rawaya, daga babban ƙarfen sama na fulogi ta bi wayarin gida har sandar jan ƙarfen da aka kafa a ƙasa, kuma in komai lafiya wuta ba ta bi ta cikinta, tana jiran ranar da laif, wayar da ke kawo wuta mai bolt 230, za ta taɓa akwati ne ta kwashe wutar, fiyus ya ƙone ko bireka ta faɗi. Shi kuwa negatif, wanda ake rubuta GND a kan bod, farantin da ake jera kayan sakit, hanyar komawar wutar sakit ɗinka ce, daga shi kake auna bolt 5 ko 12, kullum cikin aiki yake.

In na'urarka da batir take aiki ko adafta mai ƙafa biyu kuma akwatin roba ne, ƙyale ta, ba abin haɗawa.

In akwatin ƙarfe ne kuma wutar ECG, kamfanin wutar lantarki, na shiga ciki, fara da ɗaure wayar ƙasa a jikin akwatin, da sukuru da noti nata ita kaɗai, ka kankare fenti tukuna ƙarfe ya taɓa ƙarfe, kar ka dogara da dalma. Sai ka tattaro duk negatif na bod ɗinka su haɗu wuri ɗaya kusa da manyan kafasito na fawa, daga nan ka ja waya ɗaya tal, gajera mai kauri, zuwa akwatin. Ɗaya fa. Da zarar ka haɗa wuri biyu ka yi zobe, wuta ta samu hanya biyu ta komawa, ga kuma tiransifoma na zuba masa maganaɗisu, shi ne gurnanin nan na 50Hz da kake ji a lasifika. Ka duba soket ɗin jak ma, masu jikin ƙarfe sukan haɗa negatif da akwati ba ka sani ba, sa masu wuyan roba.

In gurnani bai tafi ba, misali an jona miksa da kwamfuta, sa su duka a soket ɗaya tukuna. Wasu kan sa resista om 10 da kafasito 100nF gefe da gefe tsakanin negatif da akwati a madadin wayar nan guda, yana taimakawa sosai, amma tsakanin akwati da wayar ƙasa kar ka sa komai, kuma dan Allah kar ka cire ƙarfen fulogi.

Gwaji kuwa, zare fulogi, sa mita kan om, babban ƙarfe zuwa akwati ya ba ka ƙasa da om 1. Soket ɗin ma auna shi, amma mayar da mita kan bolt na AC tukuna, laif da ƙasa wajen bolt 230, nutural, wato wayar komawar wutar gida, da ƙasa 'yan bolt kaɗan. Gidajen haya da yawa a zango hujin sama ba waya a bayansa, in haka ne kira mai wayarin ya kafa sanda, kar ka yarda a haɗa maka nutural da ƙasa cikin soket, ranar da nutural ta tsinke a hanya akwatin nan wuta zai ɗauka.

Masu osiloskop, na'urar kallon siginal a allo, kuma ku kula, baƙin maƙalin furob ɗinsa, wato wayar aunawa, a haɗe yake da wayar ƙasa ta fulogi. In negatif ɗinka ya riga ya haɗu da ƙasa sai ka maƙala shi kan bolt 12, ka yi shot kenan, layin bod zai ƙone ko wayar furob ta narke. Kan negatif kawai ake maƙala shi.