Kurakuran da Mai Labari Ke Yi Wajen Shirya Ba-zata a Wasan Tebur

Duk daren Asabar, in an idar da sallar isha'i, mukan shimfiɗa tabarma a tsakar gidanmu da ke Aboabo, nan Kumasi, mu sa ƙaramin tebur a tsakiya, ƙanena ya ɗora butar ataya a kan gawayi. Mu shida ne. Biyar kowa da jaruminsa a rubuce a takarda, wannan maharbi, wannan ɗan dako, waccan mai maganin gargajiya, ni kuma mai labari. Ni ke faɗin inda suke da abin da idonsu ya gani, ni ke magana da bakin duk wanda suka tarar a hanya. Su kuma su faɗi abin da za su yi, in abin mai wuya ne a jefa ɗan ludo a ga ko an dace. Babu kuɗi a ciki, ba mai cin wani. Sai da Hajiyarmu ta zauna ta kalla daga farko har ƙarshe kafin hankalinta ya kwanta cewa ba caca ba ce.

A Amurka irin wannan wasa ya samo asali, da Dungeons & Dragons wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974. Amma duk wanda ya tashi yana jin "ga ta nan ga ta nanku" ba baƙo ba ne a cikinsa. Bambanci ɗaya ne, kuma daga shi yawancin kurakuran ke tasowa. A tatsuniya masu sauraro suna cewa "ta zo mu ji ta" su kama bakinsu. A nan kuwa hannun kowa na cikin ƙwaryar. Saboda haka ba-zata, wato wurin da labari ke juyawa a gane abin da aka ɗauka gaskiya ba haka yake ba, tana da hukuncin da ya sha bamban da na littafi ko fim.

Kuskuren da na fi gani, kuma da shi ni ma na fara, shi ne ba-zatar da ba ta bar sawu ba. Labarin farko da na shirya na ayarin fatake ne, irin waɗanda ke ɗauko goro daga kurmin Asante, su ƙetare kogi a Yeji, su yada zango a Salaga, su nufi Kano, tafiyar watanni a kan jakuna. A kowane zango sai a wayi gari goro ya ragu. Kowa na cewa dodo ne ke bin ayarin. Dare uku muna wasa, 'yan wasa na gadi, suna ɗana tarko, suna bin daji. A dare na huɗu na buɗe musu cewa jagaban ayarin ne ɓarawon. Na ɗaga kai ina jiran ihu, sai wuri ya yi tsit. Can ƙanwata ta ajiye takardarta ta ce, "To Yaya, ta ina ya kamata mu gane?" Ban da amsa. Jagaban nan sau ɗaya ya yi magana a duk labarin, ita ma gaisuwa ce. Na ɓoye shi sosai don kada a gano, har ya zama babu shi. Abin da suka ji a ransu shi ne an ɓata musu dare uku.

Ba-zata mai kyau ita ce wadda in ta fito mutum zai dafe kai ya ce, "Kai, ashe abin yana gabanmu tun farko!" Ga yadda na sake gina labarin daga baya. Dodon gaskiya ne, yana bin ayarin, amma gadinsa yake yi. Mahaifin madugu ya ƙulla alkawari da shi tun shekaru talatin: ƙwarya ɗaya ta goro, wato goro ɗari, a kowane zango, shi kuma ya hana 'yan fashi kusantowa. Da uban ya rasu ɗan ya ga asara ce, ya daina biya, ya kuma ɓoye maganar. Dodo yana ɗaukar haƙƙinsa ne kawai. Sai na baza sawu a wurare daban-daban. Duk wanda ya ƙirga huhun da aka taɓa zai ga goro ɗari cif ne ya ɓace, ba ƙari ba ragi, alhali ɓarawo ba ya tsayawa ƙirga. Fataken wasu ayaroyi suna mamakin yadda ba a taɓa tare ayarin gidan wannan madugu ba. Wata tsohuwa mai sayar da koko a zango na biyu ta kalli madugu ta ce, "Ɗana, ka sauke nauyin mahaifinka kuwa?" shi kuma ya kau da kai. Sawun dodon a ƙasa ya kewaye sansanin, amma yatsun ƙafarsa daji suke kallo, kamar mai tsaron ƙofa. Sawu huɗu ke nan a kan gaskiya ɗaya. Kada su gaza uku, domin na farko za a wuce shi ba a gani ba, na biyu a yi masa wata fassara.

Akwai ƙanen wannan kuskure, wato a ajiye sawu amma a kulle shi a bayan ɗan ludo. Mai labari ya ce, "Jefa mu gani ko ka lura da wani abu." A ɗan ludo mai fuska ashirin, in ka ce sai an sami 15 ko sama, fuska shida ne kawai ke cin nasara, wato kashi 30 cikin ɗari in jarumin ba shi da wani ƙarin maki da ake haɗawa da jifarsa. Ka jingina labarinka gaba ɗaya a kan abin da sau bakwai cikin goma zai faɗi. Mu da muka fara da 'yan ludo biyu na gida, masu fuska shida, lissafin bai fi sauƙi ba: samun 10 ko sama hanya shida ce cikin talatin da shida. Gyaran ba wuya. Abin da labari ba zai tafi ba sai da shi, ka ba da shi kyauta ga duk wanda ya duba wurin da ya dace. Wanda ya ce zai tsuguna ya duba ƙasa, ya ga sawu. Jifa kuma ta zama ta ƙarin haske, kamar gane cewa sawun na daren jiya ne, ko cewa akwai sawun dawakai da suka zo kusa suka juya da gudu.

Sai maganar maci amana. Wanda ya aike ku shi ne mugun, abokin tafiya shi ne ɗan leƙen asiri, mai masaukin da ya yi muku shimfiɗa shi ya sayar da ku. Tana aiki sau ɗaya. In ka maimaita, ka koya wa teburinka cewa duk mai fara'a maƙiyi ne. Na taɓa zama a wani teburi a Asawase inda 'yan wasa ba sa karɓar ko ruwan sha daga hannun kowa a cikin labari, yaro ya gaishe su sai su zare takobi. Ba laifinsu ba ne, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma wasan ya mutu, domin labarin da ba a yarda da kowa a cikinsa ba babu abin da za a yi a ciki sai faɗa. In ka ji hannunka na kai ka ga cin amana, juya ta. Wanda kowa ke zargi ya zama shi ke rufa musu asiri. Ko kuma mutumin bai ci amana ba, an dai riƙe 'yarsa, yana neman yadda zai faɗa musu ba tare da an ji ba. Kuma ka bar mutanen kirki su tabbata na kirki har ƙarshe, su fi yawa nesa ba kusa ba.

Mafi zafi a wurina ita ce ba-zatar da ke share aikin 'yan wasa. "Ashe duk mafarki ne." "Ashe mugun dama so yake ku kashe dodon, kun yi masa aiki." "Ashe sarauniyar da kuka ceto ta jabu ce." Mutum ya rufe shagonsa a Kejetia, ya sha cunkoson mota, ya zo ya zauna sa'a uku yana tunani da shawara, sannan ka ce masa duk abin da ya yi iska ce. Tambayar da nake yi wa kowace dabara kafin in karɓe ta ita ce: bayan an buɗe wannan, me 'yan wasa za su iya zaɓa wanda da ba su iya ba? A labarin goro amsar tana da yawa. Su biya bashin daga nasu rabon. Su tona madugu a gaban fatake, ayari ya rabu biyu a tsakiyar daji. Su kashe dodo su fuskanci 'yan fashi da kansu. Su nemi a sake ƙulla sabon alkawari. Gadin da suka yi da tarkon da suka ɗana duk ba su tashi a banza ba, domin ta nan suka ga sawun. In dabara ba ta buɗe ko ƙofa ɗaya ba, burge kanka kawai za ta yi.

Wani lokaci ɗan wasa mai kaifin ƙwaƙwalwa zai harbo jirginka tun dare na biyu. Sai zuciya ta ce ka sauya gaskiyar don kada a ce an gano ka. Kada ka yi. Duk sawun da ka baza zai koma ƙarya, kuma ka hukunta mutum a kan ya saurare ka da kyau. Ranar da abokina tela ya buga cinya ya ce, "Malam, wannan dodo ba sata yake ba, kuɗin gadi yake karɓa," ban ce masa e ko a'a ba, na dai tambaye shi me jaruminsa zai yi. Da gaskiya ta fito, murnar da ya yi ta fi duk wani ihun mamaki da na taɓa samu.

Yanzu ga asalin zaman neman dabarun, inda da yawa ke yin gaggawa. Dabarar farko da ta faɗo maka ita ce za ta fara faɗo wa 'yan wasanka, domin finafinai ɗaya kuke kallo. Ni takarda nake ɗauka in rubuta abin da kowa a cikin labarin ya yarda da shi: dodo mugu ne, madugu mai gaskiya ne, rijiyar garin ta ƙafe saboda fari, sarki yana raye a cikin fada. A ƙarƙashin kowanne in rubuta hanyoyi uku da zai iya zama ba haka ba, ko da wasu sun yi kama da shirme. Sannan in tambayi kowace: wa ke cin riba in mutane sun ci gaba da yarda da ƙaryar? Wa ya san gaskiya ya yi shiru, kuma me ya rufe masa baki? Cikin goma sha biyu, biyu ko uku ne ke amsa waɗannan tambayoyi. Ɗaya nake ɗauka. Labari ɗaya, babbar ba-zata ɗaya, in ta yi yawa da wata ƙarama a gefe. In kowane dare ƙasa na juyawa, ba wanda zai ƙara dasa ƙafarsa.

Kuma ba sai ka je neman kaya a ƙasar dusar ƙanƙara ba. Salaga gari ne da ya shahara da yawan rijiyoyi, kuma yaƙin basasar 1892 ya watsa 'yan kasuwarsa zuwa Kete Krachi da sauran garuruwa. Wace rijiya aka bari da ajiya a cikinta, wa ya dawo nema bayan shekaru? Gizo namu da Ananse na maƙwabtanmu Asante duk gwanayen juya magana ne, yarjejeniyar da kalmominta ke da fuska biyu kuwa ba-zata ce da 'yan wasa suka ji da kunnensu tun farko. Kakanninmu da ke zaune a zango suna da labaran hanya da ba a rubuta a littafin wasa ko ɗaya ba, ka zauna kusa da su da yamma ka ji.

Abu biyu kuma da ke buƙatar ladabi. Kada ka taɓa asalin jarumin wani ba da izininsa ba. Cewa "ashe mugun mahaifinka ne" abu ne mai nauyi a wurinmu, kuma ba ka san abin da mutum ke ɗauke da shi daga gida ba. Ka ja shi gefe kafin wasa ka ce, "Ina so in yi amfani da labarin gidan jaruminka, ka amince?" Ba sai ka faɗa masa yadda za ka yi ba. Haka abin da ya shafi addini, mu a teburinmu mun yi magana tun ranar farko cewa ba ya shiga wasa, aljanun tatsuniya da dodanni sun ishe mu.

Na ƙarshe shi ne lokaci. Kada ka buɗe sirri mutane na hamma, wani na duba waya yana tunanin motar da zai samu. Kada kuma ka buɗe shi da dogon jawabin mugu, su suna zaune kamar almajirai. Bari su gano da hannunsu: su buɗe jakar madugu su ga tsohuwar takardar alkawarin, ko su laɓe su ga dodo ya ƙirga goro ɗari ya mayar da ɗaya da ya yi rara. Ni nakan auna abin ya faɗo a kofin ataya na uku, in bar su su yi ta musu minti goma, sannan in tattara takarduna kafin su yanke shawara. A makon da sirrin goron ya fito, tela da ƙanwata har Laraba suna aika wa juna saƙon murya a WhatsApp kan ko a tona madugu ko a rufa masa asiri, ni kuma na sami kwana shida na shirya abin da zai biyo bayan kowanne.