Kurakuran da aka fi yi wajen auna haɗarin mutuwa ga masu ƙanƙancewar hanta

Wani ƙaramin likita ya taɓa zuwa mini a ɗakin majinyata, fuska a yamutse, waya a hannu. Ya lissafa wa wani dattijo MELD, wato makin auna haɗarin mutuwa ga mai ciwon hanta, ya samu 39. Na leƙa, sai ga dattijon zaune yana shan kunu, yana hira da jikansa. Makin da ƙarshensa 40 ne, a ce wannan mutum ne ke da 39? Ashe takardar ɗakin gwaji ta ba da bilirubin (sinadarin da ke kawo shawara) 51 da kiriyatinin (gwajin aikin ƙoda) 88 ne da ma'aunin µmol/L, kamar yadda yawancin ɗakunan gwajinmu ke yi, shi kuwa ya zuba su a gurbin mg/dL na manhajar lissafi. Da aka raba na farko da 17.1, na biyu da 88.4, INR ɗinsa (gwajin daskarewar jini) kuma 1.5, sai maki ya sauko 15. Wannan kuskuren ya fi kowanne yawa, gyaransa kuma ba ya cin minti ɗaya.

Na biyu ya fi wuyar sha'ani: tambayar maki abin da ba don shi aka yi shi ba. Child da Turcotte sun fito da nasu a 1964 don tantance wanda zai jure tiyata, Pugh ya gyara shi a 1973, shi ne ake kira Child-Pugh. Abu biyar yake dubawa: bilirubin, albumin (furotin da hanta ke yi), INR, ruwan ciki da ruɗewar hankali, daga maki 5 zuwa 15. MELD kuwa daga asibitin Mayo ya fito a shekarar 2000, Amurka ta karɓe shi a 2002 don tsara layin masu jiran dashen hanta, kuma haɗarin kwana 90 yake hasashe. Magana ce ta jimillar marasa lafiya, ba ƙayyade wa mutum ɗaya ajali ba. Ban yarda likita ya ce wa dangi "saura wata uku" don ya ga lamba ba.

Sai lambobin da ke yaudara. Mai shan warfarin, maganin hana jini daskarewa, INR ɗinsa a sama yake, ba laifin hanta ba ne. Mai sikila, ko wanda zazzaɓin cizon sauro ya farfasa wa jini, shawara za ta fito masa, maki ya hau a banza. Kiriyatinin kuma daga tsoka yake fitowa, saboda haka mace ko wanda ciwo ya rame zai nuna kaɗan ko da ƙodarsa ta fara gazawa. Shi ya sa sabon samfurin, MELD 3.0, ya ƙara jinsi da albumin, bayan an riga an shigar da sodiyam a 2016. Wanda aka yi wa wankin ƙoda sau biyu a mako, kiriyatinin 4.0 ake rubuta masa a tsohon MELD, 3.0 a MELD 3.0, komai kyan sakamakon.

A Child-Pugh, son zuciya ke shiga ta wajen ruwan ciki da ruɗewa. Ciki ya lafa don ana shan maganin fitsari, sai a rubuta "babu". Akwai, magani ne ya danne shi, maki biyu ne. Ruɗewa kuwa ba a gane ta daga bakin gado. A tambayi matarsa ko barcinsa ya juye, ya koma kwana da rana, a sa shi ya miƙa hannuwa a ga ko suna karkarwa.

Kada kuma ajin A na Child-Pugh, wato ajin masu ƙarancin maki, ya sa a saki jiki. Manomin rani da tsargiyar hanji ta taɓa wa hanta yakan zo da gwaje-gwaje lafiya lau, alhali jijiyoyin maƙogwaronsa sun kumbura suna jiran ranar aman jini. Haka mai ciwon hanta nau'in B, daji na iya tsirowa maki bai motsa ba. Waɗannan sai an leƙa maƙogwaro da na'ura, a kuma ɗauki hoton hanta duk wata shida.