Ga masu komawa karatu a Jami'ar Jos bayan dogon hutu

'Yan'uwa, faɗuwar gaban da ke kama mai komawa aji yawanci daga rashin sanin wuri take tasowa. Kafin a fara lakca da mako guda, ka shiga Keke ka je harabar da sashenka yake, Naraguta ko Bauchi Road, ka duba agogo minti nawa tafiyar ta ci, ka leƙa zauren lakcar da ofishin rajista. Ranar farko ba za ka tsaya kana raba ido ba.

Ƙwaƙwalwar da ta yi shekaru ba ta zauna kan littafi ba sai an lallaɓa ta. Fara da minti 25, ka huta biyar, sau biyu a rana, kuma da biro a hannu, domin yatsu ma sun manta saurin rubutu. Masu ɗaukar awa huɗu tashi ɗaya, kwana uku suke yi su watsar.

In zuciya ta fara dukan uku-uku a aji, ja numfashi ta hanci kana ƙirga huɗu, ka sake shi kana ƙirga shida, sau goma. Rage goro da kofi bayan la'asar, suna ƙara bugun zuciya, su hana barci. Zama cikin sa'annin ƙannenka kuwa, ba mai duba furfurarka, kowa ta kansa yake yi.

Idan rashin barci ko ƙin cin abinci ya wuce mako biyu, je asibitin makaranta.